Majo Yakuba da Sulken Kakansa

A unguwar Birni, cikin Zinder, in ka tambayi gidan Yakuba ba lalle a gane wanda kake nufi ba, amma in ka ce gidan Majo mai kayan doki, ko ɗan ga-ruwa zai nuna maka ƙofar. Majo ake ce wa babban ma'aikacin jinya a nan, kuma aikin da Yakuba ya yi ke nan har furfura ta cim masa. Tanut, Gure, Gigimi, babu inda bai yi allura da ɗaurin rauni ba. Doki kuwa bai taɓa hawa ba. Tsoronsa ma yake ji. In ya hango shi a hanya sai ya raɓe jikin katanga har ya wuce, yana ƙare wa sirdin kallo.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, sai ya kwashe tarkacen da ke ɗakin soro ya mai da shi ma'ajiyar kayan mayaƙan dā. Akwai likkafu masu faɗi da kaifin baki, waɗanda mahayi kan iya tsaga cikin abokin gaba da su. Akwai linzamai masu nauyi, da kwalkwali biyu, ɗaya babu gashin jiminarsa, da rabin lifidi wanda ya tarar an rufe bakin rumbu da shi a wani ƙauye. Lifidi shi ne rigar nan mai kauri da ake cusa wa audugar rimi, a sa wa doki da mahayinsa don kibiya. Har da jar hula da ɗamarar fata ta dakarun doki na zamanin Faransa. Kowane abu sai ya ɗora shi a wani tsohon ma'aunin jarirai da ya saya a gwanjo, ya gwada tsawonsa da igiyar awon tela, ya juya shi ya sake juyawa. Yana iya kallon ɗinkin lifidi ya ce maka wannan hannun Damagaram ne, wancan na Borno. Ko daidai ne ko ba daidai ba, babu mai musa masa, don babu wanda abin ya dama.

Matarsa Safiya, mutuniyar Tanut, takan ce ita ba ta taɓa ganin mai kayan doki da kabu-kabu ke kaiwa kasuwa ba sai mijinta.

Duk ɗakin nan abu ɗaya ne ba saye ya yi ba, shi ne sulken Ari, kakan ubansa, wanda aka ce ya yi yaƙi a ƙarƙashin sarakunan Damagaram. Riga ce ta ƙananan ƙawanyoyin ƙarfe, kowace an sarƙa ta da 'yan'uwanta an dasa mata ƙusa ƙarama kamar ƙwayar gero. Ta zo hannun Yakuba ne don shi ne babban namiji da ya rage a zuriyar. Sai dai rigar ba cikakkiya ba ce. Daga gefen hagu, ƙasa, an cinye mata wuri kamar ɓera ya samu tabarma. Wannan giɓin shi ya hana Majo sakat. Idonsa ya fara hazo, ya kuma san ma'anar hakan fiye da kowa, sai ya ƙudurta a ransa cewa sai ya ga rigar nan a cike kafin ganin ya tafi.

Ya san inda ƙawanyoyin suke. Al'adar gidan Ari ce, duk ɗan da zai fita ya kafa gidansa a wani wuri, ko 'yar da za a kai ɗakin miji, babban gida ya ciro ƙawanya ɗaya daga sulken, a zura mata zare a ba shi. Zoben Ari suke ce mata. In an yi musu haihuwa a can ma, a aika wa jaririn da tasa. Haka rigar ta watsu cikin ƙauyukan Dogo da Hamdara da Droum, a wuyan manoman gero da gyaɗa. Wannan rabin al'adar Yakuba ya sani.

Ɗaya rabin ne ya wuce shi. Tun yana ƙarami aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, daga nan sai makarantar jinya, sai yawon aiki, ubansa ma ya rasu Yakuba yana Gigimi. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa zoben nan ba a karɓarsa. Babban gida bai neman a mayar masa da shi sai daga hannun wanda aka cire daga dangi, kuma wanda aka nemi nasa bai tambayar dalili. Miƙawa yake yi ya kama kansa. A tarihin gidan sau ɗaya aka taɓa yi, ga wani da ya sayar da gonar marayu, shi ma tsofaffi ba sa son tada zancen.

Da Droum ya fara, gidan Ɗanƙarami, ɗan ƙanen ubansa, wanda suka yi wasan ƙasa tare kafin lakwal ta raba su. Ya same shi a bakin gona yana gyara ƙotar hauya. Aka yi gaisuwa, aka kawo fura, aka tambayi iyali da damina. Garba, babban ɗan Ɗanƙarami, magidanci mai 'ya'yansa, ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da hanya."

"Ɗanƙarami, zoben Ari na zo karɓa," in ji Yakuba, yana murmushi. "Naka da na yaran nan duka. Mayar da su zan yi jikin rigar."

Ɗanƙarami ya ajiye hauyar.

"Yaya, nawa ka ce?"

"Naka mana. Da kai na fara, don kai ne nawa na kusa."

Mutumin ya sa hannu a wuyan rigarsa ya ciro zaren, wanda gumin shekaru ya mai da baƙi ƙirin, ya tsinke shi ya miƙa. Ya ce wa Garba ya shiga ya karɓo sauran. Da baƙon ya tashi tafiya, Ɗanƙarami ya ce, "A sauka lafiya, Majo." Yakuba ya ji Majo maimakon Yaya, ya ɗauka tsokana ce irin ta 'yan'uwa, har ya yi dariya.

Haka ya bi sauran gidajen, yau nan, wani makon can. Ko'ina sai ya sha mamakin sauƙin da abin ya zo masa da shi. Ba gardama, ba roƙo. Wata mata a Dogo ta miƙo nata ta shige ɗaki da sauri, ya ce a ransa wataƙila tukunya ta bari a wuta. Mutum ne da ke gane zazzaɓi daga tafiyar mara lafiya tun bai zauna ba, amma fuskokin danginsa suka gagare shi karantawa, don hankalinsa duk yana kan abin da ke tafin hannunsa.

A gida yakan zuba ƙawanyoyin cikin buhu da yashi, ya ɗaure baki, ya yi ta mirgina buhun a tsakar gida har tsatsa da dauɗar su fita. Sannan ya zauna da awartaki da gilashinsa mai kauri, ya sarƙa su ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai kyau, gaskiya. Giɓin ya yi ta tsukewa, har ba ka iya bambance wurin gyara da asalin rigar. Bai taɓa jin daɗi irin na watannin nan ba.

Safiya ce ta fara lura. Kaka ta zo ta wuce, ba a ga damin geron da aka saba aikowa daga Droum ba, ba a ga gyaɗar Dogo ba. Aka yi suna a Hamdara, a bakin wata mai tallan kuka a kasuwar Dole ta ji.

"Malam, mutanenka sun ɗauke ƙafa. Ka yi musu wani abu ne?"

"Ni? Me zan yi musu? Damina ce ba ta yi kyau ba, kowa na fama da kansa."

"Damina ce ta hana su kiran waya?"

Ya ce mata rezo, wato sabis ɗin waya, ba shi da kyau a ƙauye, ya koma kan awartakinsa.

Ta ƙarshe ita ce Gwaggo Tani, ƙanwar ubansa, a Hamdara. Ya bar ta ƙarshe ne don yana shakkar bakinta. Ya same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa ƙwarai amma kunnenta garau. Bai gama gaisuwa ba ta katse shi.

"Na ji kana yawo. Yau kaina ka zo?"

"Gwaggo, naki kawai ya rage rigar ta cika."

"Yakuba, a gidanmu ba a tambaya, amma ni na goye ka, zan tambaya. Me na yi maka? Su sauran me suka yi maka, da za ka bi su gida gida kana korarsu, har da jarirai?"

"Kora kuma, Gwaggo?"

Ta ɗago ta dube shi da kyau, ta ga da gaske bai sani ba. Sai ta yi salati ta tafa hannu. Ta zayyana masa komai, har da labarin mai gonar marayu. Ta ce Ɗanƙarami ya zo nan da ƙafarsa ya zauna inda yake zaune, dattijo guda, yana kuka, yana cewa ya bincika kansa bai ga laifin da ya yi wa Yaya ba, kuma wai da shi aka fara.

"Don me bai tambaye ni ba?" in ji Yakuba.

"Kai don me ba ka tambayi kowa ba? Ka auna ƙarfe, ka auna tsumma, ba ka taɓa zuwa ka ce Gwaggo mene ne zoben nan ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya dawo Zinder bai ci abinci ba, ya ɗauko awartaki ya shiga warware aikin da ya yi da hannunsa. A nan ya ga wata ɓarnar. Yashi ya wanke ƙawanyoyin sun zama iri ɗaya, bai san ta wane ce wannan ba. Ya ce ba komai, ƙarfe ƙarfe ne. Safiya ta zura wa kowace sabon zare, ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, shi ma ya san ta yi masa kara.

Da Droum ya sake farawa. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidan Ɗanƙarami da mutane zazzaune. Zaman makokin Ɗanƙarami ne, har an yi sadakar uku. Ciwon ƙirji ne, aka ce, ya kwana biyu yana fama da shi, irin wanda da Majo ya ji labari da ya sa an kai shi gidan likita tun da wuri.

Garba ya taso ya tarbe shi da ladabi, ya kai shi tabarmar baƙi, can gefe, ba ta dangi da ke bakin zaure ba.

"Garba, ya aka yi ba ku aiko mini ba?"

"Shi ya ce kada a dame ka, Majo."

Yakuba ya yi bayani. Ya faɗi lakwal, ya faɗi Gigimi, ya faɗi abin da Gwaggo Tani ta ce. Garba ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa, ya ce Allah ya kyauta, ya ce shi ya yarda rashin sani ne. Ya karɓi nasa zoben da na 'ya'yansa da hannu biyu. Sai Yakuba ya ciro na ƙarshe a cikin na gidan, ya miƙa.

"Wannan na babanka ne. Ka riƙe."

Garba bai miƙo hannu ba.

"Baba, wannan ba ni zan karɓa ba. Wanda aka karɓa daga hannunsa, shi ake mayar wa." Ya juya ya nuna wata 'yar hanya da ta bi ta bayan rumbuna. "Yana can maƙabarta, gabas da gari. In kana so in raka ka."

Yakuba ya ce a'a, ya san hanya. Ya tashi ya bi ta shi kaɗai, zaren na lilo a hannunsa.