Kofunan Roba a Magudanar Bu Wuryani

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne makomarmu. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, ana tsakiyar daminarmu ta nan, zazzaɓi ya yi ajalin maƙwabciyata Bu Wuryani, jami'ar kula da magudanan ruwa ta ƙaramar hukumarmu a nan birnin Semarang. A nan, don girmamawa, Bu muke ce wa mace, Pak ga namiji, Mbah kuma ga tsoho ko tsohuwa.

Bu Wuryani, kin sha zagi a unguwar nan. Mu mutane ne da ba ma iya ganin kwata a buɗe sai mun daɓe ta da siminti mun ajiye babur a kai. Ke kuma sai ki zo da ma'aikatanki da guduma. Ranar da kika fasa daɓen Pak Sukirman mai taliya, ya ce, "Haba Bu, ɗan wurin babur ɗin ma? Gidanku ruwan zai ci?" Kika ce, "Ƙwarai kuwa, Pak. Mu ne a ƙarshen gangare, kuma tsohuwata ba ta iya tashi." Washegari kika kawo masa murfin ƙarfe mai ɗagawa, kika zauna kika ci taliyarsa yana ta harararki.

Bari in gaya miki abin da muka yi ranar addu'ar bakwai ɗinki. An kafa rumfa a titi, aka shimfiɗa katakai a kan magudanar don kujeru su zauna, jama'a suna shan ruwa suna tura kofunan roba ta tsakanin katakan. Bayan la'asar sama ta ɓalle. Muna cikin addu'a ruwa ya taɓa mana idon sawu, baƙi ƙirin, ya nufi ɗakin da mahaifiyarki Mbah Sarinten take kwance. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Lungun ya riga ya cika, babu hanyar fitar da ita, ruwa kuma yana hawa ƙafafun gadonta. Muka tsaya muna kallon juna, kowa na jiran ki zo ki daka mana tsawa.

Pak Sukirman ne ya yi ihu: "Ku ɗaga katakan nan, ku mutanen banza! A gidanta ma sai mun toshe?" Ya faɗa kwatar da kayan masallacinsa. Liman ya bi shi, muka bi. Da hannu muka dinga kwaso kofuna har magudanar ta yi gyatsa, ruwan ya juya ya bar bakin katifar tsohuwa.

Da na shiga, Mbah Sarinten ta riƙe hannuna ta ce, "Na ji ruwan ya ja. Wuryani ce ta zo?" Na gyara mata mayafi, na zauna a bakin gadonta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sanyaya makwancinki. Allah Ya ba Mbah Sarinten da mijinki Pak Darmaji da yaranku haƙurin wannan rashi. Damina ba ta ƙare ba, Bu, amma magudanarki a buɗe take.