Jar Tawadar Malam

Shekara biyu bayan rasuwar maigidana Malam ruwan damina ya fara shiga ɗakinsa. Na ɗaga gafakarsa na ji ta da sanyi. Da na buɗe, gefen takardun ya yi jirwaye, gara kuma ta fara cin na ƙasa. Izu biyar ne da ya rubuta da hannunsa, waɗanda yake koyarwa da su, takarda ɗai-ɗai ba ɗinki. Ni ban yi boko ba, na allon ma iyakata abin sallah. Amma tawadar da ke jikinsu ni na dafa ta, da bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro. Malam yakan gama baƙin rubutu tukuna, in shanya a tabarma ina korar kaji, bayan kwana biyu ya ɗauko wani alƙalamin ya bi da ja ya sa wasali. Sama da shekara talatin ina kallon wannan.

Babban ɗalibinsa, wanda yanzu shi ma ya yi furfura yana da makaranta a Rurum, ya daɗe yana roƙon a ba shi. Na ce takardun nan ba za su kwana a wani gida ba. Autata, wadda ke aure a Rano tana aiki a shagon buga takardu, ita ta ce in kawo ta fitar da kwafi, asalin ya dawo gida. Aka tsayar da Juma'a zai zo ya karɓa.

Ran Talata na hau babur daga garinmu Kahu, gafaka a ƙirjina ƙarƙashin mayafi. Kafin mu isa bayana ya riƙe.

Injin kwafinsu ya mutu tun azumi, sai aka koma doguwar hanya. Takan kifa takarda a kan gilashi, haske ya bi ta, hoton ya shiga kwamfuta. Daga nan ta buɗe wani baƙin allo wanda babu komai a kai sai farin rubutu, ta yi ta ƙwanƙwasa. Na ce me take gaya masa.

"Inna, firintar nan tsohuwa ce, ba ta gane hoto. Sai na mayar mata da shi ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ko baƙi ko fari, sannan in juya shi zuwa abin da take iya karantawa."

"Tsaka-tsakin fa?"

"Babu. Lamba nake ba shi. Abin da duhunsa ya kai, baƙi. Wanda bai kai ba, fari."

"To hannunki dai a wanke yake?"

"Da alwalata, Inna. Sau uku ke nan kina tambaya."

Na zauna a benci ina ba ta ɗaya, sai ta dawo min da ita sannan in ba ta wata. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, ƙararsa ta cika min kai. Wajen azahar takardar farko ta fito da ɗuminta. Auta ta miƙo tana murmushi. Hannun Malam ne sak, jirwayen ruwa ya ɓace, sai ka ce jiya ya rubuta. Na daɗe ina dubawa. Takardar ta yi min fili da yawa.

"Ina jan?"

"Ai ba ta buga kala."

"Ban ce ta yi ja ba. Inda jan yake, babu komai."

Ta ɗora ta kusa da asalin, ta bi da yatsa, murmushin ya tafi. Jan Malam ya koɗe da shekaru, duhunsa bai kai lambarta ba, injin ya lissafa shi cikin fari.

Ta ƙara lamba. Jan ya fito, amma baƙi, ya cakuɗe da ɗigon haruffa, jirwayen ruwan kuma ya dawo kamar an zubar da tukunyar tawada a gefe. Ta rage, ya ɓace. Ta ɗan ƙara, rabi ya fito rabi babu, wannan ya fi duka muni. Haka muka wuni. Na tattara ɓatattun takardun ina ninkewa a cikin mayafi, don rubutun ba na kwandon shara ba ne. Laraba na sake hawa babur. Alhamis ma haka, ga hanya duk taɓo, ga gwiwa ta kumbura.

Ran Alhamis da la'asar Auta ta jingina da kujera ta rufe ido.

"Inna, malamai ne fa. Sun haddace. Ko babu wasali za su karanta."

"Su sun haddace. Waɗanda za su koya a kai fa? A yi kuskure a ce haka Malam ya rubuta?"

"To ni ya zan yi? In shiga cikin injin da alƙalami?"

"Da ubanki kike wannan maganar ko da ni?"

Ni ma na gaji, na rasa ƙarfin faɗa. Na ciro takardar farko daga mayafi don in yi fifita, na fasa, na tsaya ina kallonta. Na san wannan kamannin. Haka takardun suke a tabarma kafin Malam ya dawo da jan alƙalami.

Na ce, "Mayar da lambar farko."

"Wadda kika ƙi?"

"Ita. Ki kawar da jan duka, kada ko ɗaya ya leƙo. Aikin ranar farko injinki ya iya, to ya yi shi."

Da ta gane, layi ɗaya ta rubuta a baƙin allon, injin ya bi hotunan duka da kansa, ya fitar da kwafi huɗu. Kwana uku na wahala, ashe aikin bai fi dahuwar tuwo ba.

Ran Juma'a ɗalibin ya zo da jakarsa. Na nuna masa, na ce saura a bi da jan alƙalami a sa wasali da hannu. Ya shafa gemu ya ce, "Gwaggo, izu biyar fa, kuma kwafi huɗu."

Na ce, "Malaminka da ido ɗaya mai yana ya ƙarasa su."

Ya ajiye jakarsa ya karɓi aikin. Asalin ba ya kwana waje, saboda haka shi ya riƙa zuwa Kahu duk Alhamis, ranar da babu karatu, shi da wasu malamai biyu. Na koma haɗa jar tawada da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. Takardar shago ba irin ta Malam ba ce, tana shan ruwa tana yaɗawa, sai da na ƙara ƙaro sau biyu. Suna zaure da asalin a tsakiya, ni ina bakin ƙofa ina karɓa ina shanyawa. Sau ɗaya na mayar wa ɗalibin da takarda na ce layin ƙasa fili ne. Ya duba, ya ce astagfirullah, ya tsoma alƙalami.

Sai bayan an yanke dawa suka gama. Na ƙirga takardun Malam, sun cika, na mayar da su gafaka na rataye a ɗakina, nesa da bango. Ragowar tawadar ta bushe a ƙoƙo, har yau ban samu ƙarfin wankewa ba.