Hambali Tela da Filin Balonsa

A Magariya, wajen shekarar 1976, babu wanda ya kai Hambali tela son ƙungiyar balo, wato ƙwallon ƙafa, ta kwalej. Bai taɓa zama a aji ba, bai taɓa sa ƙafa ya bugi balo ba, amma ranar wasa ko rigar ango ce a kan kekensa sai ta jira. Ɗaliban kuwa kullum kashi suke sha. Shi dai ya ce laifin fili ne, duk rairayi, ga jakuna suna ratsawa ana tsakiyar wasa.

Sai ya ɗaura niyyar gina fili na kirki a tsakar gidansa. Ya kwaɓa laka, ya riƙa cusa ta a kwalin ashana yana fitar da 'yan tubala, yana shanyawa. Wata huɗu yana jeri. Filin ya kai faɗin tabarma biyu, da matakalan zama, da rumfar manya mai rufin gwangwanin sardin. Raga kuwa daga gidan sauron matarsa Ɗela ya yanko ta.

"Malam, ɗakin girkina fa yana yoyo," in ji Ɗela.

"Bari in gama ƙofar 'yan kallo tukuna."

Da ya gama, ya jera 'yan wasa: gyaɗa goma sha ɗaya 'yan kwalej, dafaffiyar gurjiya goma sha ɗaya su ne baƙin da za a kara da su.

Labari ya kai kunnen malamin da ke horar da ƙungiyar, Mushe Illo (Mushe ake ce wa malamin boko a can). Ya zo ran Juma'a bayan la'asar, ya tsuguna a bakin fili. Hambali ya shiga bayani, gyaɗa ta kwalej ce, gurjiya ta baƙi, wannan ya ja baya, wancan ya bi ta gefe. Mushe yana "to, to," hannunsa yana kai da kawowa. Can Hambali ya juyo neman mai tsaron gidan baƙi, babu shi. Na gabansa ma babu.

"Mushe, ina mutane?"

Mushe ya daina tauna. "Au! Ba cewa ka yi ta baƙi ce ba?"

Ɗela ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Hambali kuwa ko rakiya bai yi masa ba.

Washegari kwalej ta ci uku da babu. Tun daga filin Hambali ya rungume Mushe, ya ce ai cinye baƙin nan da ya yi shi ne sirrin. Daga nan duk jajibirin wasa sai ya je har gida ya taso shi, ya tsaya a kansa sai ya cinye baƙi kaf. In an ci, ya ce ka gani; in an sha kashi, ya ce Mushe bai tauna da kyau ba.

Da aka mai da Mushe Illo garin Dungas, Hambali bai karaya ba. Ya riƙa ƙulle gurjiya goma sha ɗaya a ƙyalle yana ba direban motar kasuwa, da saƙon a cinye kafin Asabar, kuma kada a sam ma kowa.