Farin Fentin Malam Toma

In mutum ya sauka a tashar Madawa a shekarun 1990 ya ɗaga kai, da wuya ya ga allon talla da ba hannun Toma ba ne. Kawunan mai aski iri shida, kazar mai gashi, tayar mai faci, duk shi ya zana su, kowanne da ɗan harafin T cikin da'ira a ƙasa. Mutanen gari suna ce wa irin allon nan fano, shi kuwa Toma mai fano. Kowa ya yarda da aikinsa. Shi ne dai bai yarda da kowa ba.

Mahaifinsa Illa mutumin wajen Allakaye ne, daga gidan da a da ake yi wa duwatsu yanka kafin shuka. Gyambon ƙafa ya kawo shi asibitin mishan, ya warke, ya zama Kirista, ya kama aikin gadi. Nan Toma ya tashi, nan ya fara riƙe buroshi, yana shafe gadajen marasa lafiya da fenti yana rubuta lamba a ƙofofi. Da ya buɗe tasa rumfar a Madawa, aikinsa na farko ya ba shi kunyar da bai taɓa mantawa ba. Wani ɗan kasuwa ya sayar masa da jan fenti, ya rubuta allon mai shayi da shi, wata biyu rana ta lashe rubutun tas. Mai shayin ya ɗauko allon a ka, ya ratsa kasuwa da shi, ya dire masa a gaban jama'a.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar, duk sabon fentin da ya shigo hannun Toma sai ya ci jarrabawa. Zai shafa shi a guntun kwanon rufi, ya rufe rabi da wani kwanon ya buga ƙusa, ya jefa bisa rufi wata uku. In ya buɗe ya ga rabin da ya sha rana ya bambanta da rabin da ke rufe, fentin ya faɗi ke nan. Gwangwanayen da suka ci kuwa suna cikin akwatin ƙarfe, makullin na rataye a wuyansa. Shekara ashirin da bakwai yana tare da matarsa Hulda, ta haifa masa Nasara har sun aurar da ita can garin Tawa, amma ko sau ɗaya bai bari ta buɗe akwatin nan ba. Wai mata suna son zuba kananzir a komai don ya yi auki.

Abin ya tsananta ne a shekarar 1997, kuma da farin fenti ya soma. Toma ya buɗe sabon gwangwani ya ga farin ya yi wani ja-ja kamar man shanu. Ya ɗauke shi sai shagon Alƙasim, wanda ya shekara goma sha biyar yana sayar masa da kaya.

"Alƙasim, mi kaz zuba cikin wanga?"

"Ni? Da hatiminai yaz zo daga Kwanni. Kai kab buɗe shi da hannunka."

"Hatimi ba a sake manna shi? Duba hwa, wanga shi na hwari?"

Alƙasim ya leƙa, ya dubi Toma, ya sake leƙawa. "Malam Toma, hwari na tas, awa nono."

Toma ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo, ya fita. Ya daina saye a wurinsa, har gaisuwa ya rage masa. Ya aika aka sayo masa wani daga Maraɗi, shi ma ja-ja. Sai ya gane ashe cutar daga masana'anta take, duniya ce gaba ɗaya ta lalace. Takardar littafin waƙoƙin majami'a ma ai ta fara yin ɗorawa, kuma ranar 'yan shekarun nan ta fi ta da kashe ido. Maganin da ya samo shi ne ya riƙa ɗiga shuɗi a cikin farin, kaɗan-kaɗan, har sai ya ga ya koma fari yadda ya san shi. Hulda ta taɓa tsayawa bayansa ta ce, "Baban Nasara, shuɗin bai yi yawa ba?" Ya ce mata ta je ta tambayi Alƙasim nawa zai ƙara mata a kan wannan magana. Ta yi kwana biyu ba ta ce masa ci kanka ba.

Ana cikin haka Nazifi ya dawo gari. Mutum ne ɗan shekara talatin da ya yi zaman Najeriya, ya kama shago kusa da tasha ya rataya wani ƙyalle mai sheƙi, faɗinsa ya fi tabarma, da hoton mace tana dariya har ana ƙirga haƙoranta. Ya ce ba hannu ya yi shi ba, inji ne ya buga. Ya ce injin ya kai tsawon gado, kafin a sauke shayi na uku ya fitar da abin da mai buroshi zai yi mako yana yi. Kai dai ka kawo abin da kake so, ya aika da direba, kwana huɗu kayanka sun iso.

Toma ya je ya tsaya gaban ƙyallen, ya shinshina shi, ya kankare gefe da farce. Tambayarsa ɗaya ce: wa ya taɓa ganin injin? Wasu suka ce a Kano yake, wasu suka ce sai Ikko. Ya kuma sa ido a kan kwana huɗun nan. Na mai kemis ya zo a kwana huɗu, gaskiya ne. Na tela ya yi mako uku, wai bakin injin ya toshe ana jiran mai gyara. Na mai hoto ya zo da layi-layi a fuska. Duk Toma ya tattara waɗannan yana raba wa duk wanda ya zauna a bencinsa. Amma bencin sai ƙara zama wayam yake yi. Mai aski ya koma wurin Nazifi, mai gashin kaza ya bi. Toma ya tabbata baki aka haɗa, kuma bai raba ɗayan biyu ba Alƙasim ne uban tafiyar.

Farkon bazarar 1998 Maiguwa ya zo. Dattijo ne daga Garhanga, shugaban wata ƙungiyar manoma mai rumbunan tsimi a ƙauyuka ashirin da huɗu, daga ƙasar Keta har ta Buza. Suna son kowane rumbu ya samu allonsa kafin kaka: zangarniyar gero ruwan ɗorawa a kan farin fili, da sunan ƙauyen a ƙasa. Aikin ya isa ya riƙe rumfar Toma shekara guda. In kuwa ya kuɓuce, ya san sai dai ya rufe ta, don tun sallar Kirsimeti allo uku kacal ya rubuta. Maiguwa bai ɓoye masa ba, ya riga ya biya ta shagon Nazifi.

"Yaron ya ce kwana goma shi gama dut. Kai hwa?"

"Wata ukku. Amma sauri ya haihi nawa, Maiguwa. Allon da za shi tsaya bisa dutsin Garhanga, rana za ta tambaye shi. Ku bari ta tambaye mu yanzu."

Ya bayyana masa jarrabawarsa. Maiguwa manomi ne, ya san ba a yabon iri sai an ga zangarniya, sai ya amince. Kowannensu ya kawo samfuri, aka rufe rabin kowanne da kwano, aka ɗora su bisa rumfar masu albasa a tsakiyar tasha, inda idon kowa yake.

Wata ukun nan Toma bai huta ba, bai kuma bar kowa ya huta ba. Ya ɗiga jan fenti a kan kowace ƙusa don ya gane in an zare ta. Kullum da hantsi sai ya jingina tsani ya hau, ya bi ƙusoshin da yatsa yana ƙirgawa. Ran da ya tarar da kashin tsuntsu a kan na Nazifi, cewa ya yi da gangan aka watsa gero don tsuntsaye su yi masa inuwa. Ran da ya ga mai albasa yana gaisawa da Alƙasim, ya kasa cin tuwo. Abin da ya fi damunsa, duk hawan da zai yi sai ya ga rabin Nazifi da ke fili yana nan yadda yake. Lalle, in ji shi, sauke shi suke yi in ya juya baya. Masu albasa har sun gaji da rantsuwa. An ce zato zunubi, to Toma ya kwashi nasa a bazarar nan.

Bayan ruwan farko, ranar kasuwa, Maiguwa ya dawo. Aka sauko da allunan da tsakar rana, jama'a ta yi da'ira. Toma ya ce ba mai taɓa su sai shi. Ya duba jan ɗigon ƙusoshi, duk suna nan. Ya zare na allonsa, rabi da rabi ba bambanci, ya gyaɗa kai. Sannan ya zare na Nazifi ya ɗaga kwanon.

Ya duba hagu, ya duba dama. Ya karkata allon, ya kare ido da tafin hannu saboda hasken da ke dukansa, ya matso har hancinsa ya kusa taɓawa. Iri ɗaya ne. Toma yana da zargi, amma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma jarrabawar tasa ce. Ya miƙe ya share hannu a riga.

"Jama'a, ku shaida. Bai koɗe ba. Inji ya ci. Maiguwa, ba yaron aikinai."

Wata mai tallan fura ta fara dariya, aka zungure ta.

"Malam Toma," in ji Maiguwa a hankali, "sake dubawa."

"Na duba. Ba ni son a ji tausaina."

Nazifi da kansa ya matso, fuskarsa ba walwala. "Baba Toma, geron ya tahi. Wanga gehen ba komi sai zanen baƙi. Ni nih hwaɗi, ba kai ba."

Nan ran Toma ya ɓaci. Yaushe aka taɓa ganin abokin takara yana rantsuwa shi ne ya faɗi? Tarko ne, so suke ya karɓi abin da bai ci ba, gobe a yi ta yi da shi a gari. Ya waiga ya ga fuskoki duk na 'yan Madawa, har da Alƙasim a baya. Sai ga wata mota ta tsaya, wani fasinja ya sauko yana karkaɗe riga, baƙo ne da gani. Toma ya ratsa mutane ya kamo hannunsa.

"Bawan Allah, ka san wani nan?"

"Ko mutum guda. Damagaram za ni."

"To hwaɗa mani mi kag gani ga wanga allo."

Baƙon ya duba na Nazifi. "Nan ga gero ya nuna, nan kuwa an wanke shi, sai fari." Ya juya ga ɗayan ba tare da an tambaye shi ba. "Wannan geronsa na nan lafiya. Amma me ya sa aka yi filin shuɗi haka, kamar an sa rigar makaranta a bula?"

Ya zare hannunsa ya koma mota. Toma ya tsaya da allon da ya rantse fari ne tas. Laifi tudu ne. Shekara guda da rabi yana tuhumar gwangwani, da masana'anta, da matarsa, da ranar Allah, ashe mai cutar tasa yana cikin kansa. Sai yanzu ya tuna yanar da ta rufe idon mahaifinsa Illa, yadda shi ma da cewa ya fara wai gero ya daina haske. Kunya ta kama shi, wadda ta fi ta ranar mai shayi, don wancan karon wani ne ya cuce shi.

Maiguwa ya ja shi gefe. "Hwentinka ya riƙe, na injin bai riƙe ba. Aikin naka na, in kana iyawa. Amma hwari muka so, Malam Toma. Kasuwa mai zuwa in ji daga gare ka."

A hanyar gida ya zo daidai shagon Alƙasim, ya tsaya. Ya yi sallama irin wadda ya daɗe bai yi ba, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Alƙasim ya amsa duka, bai tayar da zancen ba.

Hulda tana tankaɗe a tsakar gida. Ya zauna a kan akwatin ƙarfen, sannan ya nuna ƙofar ɗakinsu da ya shafe bara.

"Uwar Nasara, waccan ƙohwa wane launi ta?"

"Shuɗiya ta."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da kash shahe ta."

"Shi na ba ki hwaɗi ba?"

Ta ajiye rariya. "Na hwaɗi. Ka ce Alƙasim yas saye ni."

Ya sunkuyar da kai. Ta ce Litinin za su je asibiti a duba idon, ya ce to, ba gardama. Amma ko an ba shi ranar aikin ido, ba lalle ta zo kafin kaka ba, alluna ashirin da huɗu kuwa ba za su jira ba. Hannunsa ya san haruffa ko da ido rufe. Launi ne sai an gaya masa, kuma sai ya yarda da abin da aka gaya masa.

Ya tashi daga kan akwatin, ya ciro igiyar daga wuyansa. Hulda ta dubi makullin, ta share garin hannunta a zane kafin ta karɓa. Ta buɗe, ta jera gwangwanayen a ƙasa, ya durƙusa kusa da ita da buroshi a hannu.

"To," ya ce. "Nuna mani. Wane na hwarin?"