Sheƙar Tattabara a Bututun Murhu

Gawayi ya kusa kashe mu, ni da wata tsohuwa, da rana tsaka, a unguwar Shisha ta Makka. Bayan aikin Hajji ne da 'yan kwanaki. Ba gobara aka yi ba. Ko gashin hannuna bai ƙone ba.

Tsohuwar ita ce mai gidan da nake zaune. Hajja kowa yake ce mata. A Makka aka haife ta, kakanta ne ya taso daga Kano da ƙafa. Ni daga Damagaram na zo, na yi Hajji, ban koma ba. Ba ni da igama, takardar zama a ƙasar. Mijinta ne ya gan ni ina kwana a bakin kasuwa, ya ba ni ɗakin ƙarƙashin matakala, ina share gida ina ɗauko kaya. Da ya rasu ba ta kore ni ba. Ta girmi uwata, kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Kai Badamagare," haka take kirana, "zo ka ci, kada ka mutu a ce Kano ta bar bawanta da yunwa."

"Wace Kano, Hajja? Wadda ba ki taɓa gani ba?"

"Rufe min baki. Ko a mafarki na gan ta, ta fi garinku."

A saman gidan akwai ɗan ɗaki na bulo, ba taga, ƙofarsa ta ƙarfe. A ciki mijinta ya gina murhu, ya kafa bututun kwano daga kan murhun, ya huda rufi ya fitar da shi sama. 'Ya'yanta sun saya mata murhun gas a ƙasa. Ta ce tuwon gas tuwon asibiti ne. Kullum sai ta hau matakala tana nishi, ta hura wutarta.

Kula da bututun aikina ne. Marigayin ne ya koya min. A ɗaure sarƙa da tsohon buhu a igiya, a hau rufi, a zura, a ja, a sake zurawa, har kunkunniya ta daina zubowa. Ya ce kunkunniyar da ta sha maiƙo ita kanta itace ce, wata rana sai ta kama da wuta a cikin bututun. Toka a bokitin ƙarfe ake kwashe ta, ba na roba ba, don garwashi yana kwana a cikinta da ransa. Kafin a hura wuta kuma a kunna 'yar takarda a bakin bututun. In harshenta ya miƙe sama, hanya a buɗe take. In ya kwanta, a fasa girkin.

"Wuta dabba ce," in ji shi. "Ta nan take numfashi. In ka toshe mata hanci, naka za ta ara."

Na riƙe maganar don shi ya faɗa. Ban san me take nufi ba sai a shekarar da abin ya faru.

Da lokacin Hajji ya gabato na tafi aiki, kamar kowace shekara. Dako a unguwar Aziziyya, sannan shara da wanke tukwane a Arfa. Hajja kuma gwiwa ta hana ta hawa sama. Murhun ya daɗe ba wuta. Da na dawo na ɗauki igiyata na hau rufi. Hular da ke kan bututun ta yi tsatsa ta faɗi. A bakinsa kuwa tattabara ce a kwance. Ta tara tsinke da guntun waya da zaren buhu, ta cushe bakin tam. Ta dube ni da ido ɗaya. Ba ta motsa ba. Tattabarun Makka ba sa tsoron mutum, ba wanda ya taɓa koya musu. Da ta gyara zama na hango ƙwai biyu.

Na sauko na gaya wa Hajja.

"Ka taɓa?"

"Ban taɓa ba."

"Alhamdu lillahi. Kada ka kuskura. Nan cikin Harami ne. Ba a korar tsuntsu, ba a fasa masa ƙwai. Da a Arfa ta yi sheƙarta sai in ce ka ɗauke, can wajen iyaka ne. Wannan baƙuwar Allah ce. Ita ma ba ta da igama, kamar ka."

Na yi dariya, amma ni ma ba zan iya taɓawa ba. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san wannan. Na ga ƙattin maza suna kauce wa tattabara a hanya.

"To, ba wuta a murhun nan sai sun tashi," na ce.

Ta ci gaba da jan carbinta.

Ga nama ya cika gida. Babban ɗanta ya kawo na layya, maƙwabta sun aiko. Ita kuma tana so ta soya shi yadda uwarta take yi, a babban kasko, cikin kitsensa, har ya bushe ya yi wata bai lalace ba. Na ce ta yi a gas. Ta ce in je in koya wa Damagarawa girki.

Ranar da abin ya faru na fita dako tun safe. Na dawo bayan azahar, na ji ƙanshi tun daga matakala, na ji tana kira daga sama.

"Badamagare! Zo ka juya min, hannuna ya gaji."

Na tura ƙofar ɗakin girkin. Wata mage ta nemi shiga ta tsakanin ƙafafuna.

"Rufe, rufe! Tun ɗazu ɓarauniyar nan take fakona. Sa sakata."

Na rufe. Na sa.

"Hajja, ba mun ce ba wuta ba?"

"Gawayi ne, ba itace ba. Kana ganin hayaƙi? Ba abin da zai sami baƙuwarka."

Gaskiya ba hayaƙi. Garwashi ja wur, nama yana ƙara a kasko. Na tsuguna na karɓi ludayi. Ita ta zauna a kujerarta ta jingina da bango, tana ba ni labarin yadda Shisha take tana yarinya, duwatsu da awaki, ba kwalta. Kaina ya fara sara. Na ce ranar Arfa ce ba ta gama fita daga kaina ba. Maganarta ta riƙa ja. Ta faɗi abu ɗaya sau biyu. Can ta ce, "Barci nake ji, ɗan nan."

Ba ta taɓa ce min ɗan nan ba. Shi ya sa na ɗaga kai.

Haɓarta ta sauka a ƙirji. Carbinta yana ƙasa. A samanta, a bakin bututun, na ga jiƙaƙƙen tsumma a cushe. Ita ta cusa, don kada zafi ya hau ya dafa ƙwan.

Na tuna maganar marigayi. Na miƙe. Ƙafafun ba nawa ba ne. Na zube.

Na ratsa Sahara a bayan mota, ƙishirwa ta kumbura min harshe. Na kwana a cikin kwalbati ana neman marasa takarda. Na shiga turmutsutsun da na fito ba takalmi, wasu ba su fito ba. Duk waɗannan da ihu suke zuwa, mutum ya san abin da yake gudu. Wannan kuwa ba ƙara, ba wari, ba zafi. Daɗi ma nake ji. Kamar uwa tana lulluɓe ɗanta. Zuciyata tana ce min in ɗan huta tukuna, in na tashi sai in buɗe ƙofar. Ga tsohuwa tana mutuwa kusa da ni, ina gani, ban damu ba. Har yau daɗin nan ne yake sa gashin jikina tashi.

Allah ya sa da na faɗi, fuskata a gindin ƙofa ta sauka. Akwai 'yar tazara tsakanin ƙarfen da daɓe, ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Ta nan wata siririyar iska take shigowa tana taɓa min leɓe. Ta nan kuma magen ta zuro hannu tana lalube, tana neman nama. Ta samu kunnena. Ta ja.

Zafin ya shiga har ƙwaƙwalwata. Na ja iskar nan. Na sake ja. Na kama ƙofar na bi ta da hannu kamar mai hawa rijiya, har na kai ga sakata. Ban san yadda na zare ta ba. Na dai ga haske ya faɗo ciki.

Da rarrafe na koma. Na kama Hajja ta ƙafa na ja ta waje. Ba nauyi, kamar damin kara. Na kwantar da ita a inuwar tankin ruwa, na kwara mata ruwa, na buɗe baki na yi ihun da ban san ina da shi ba. Matar ɗanta ta hawo a guje tana salati. Aka kira motar asibiti. Ɗan ya iso kafin motar. A nan aka haife shi, Hausarsa guntu-guntu ce.

"Ya ammi, kai ma mustashfa," ya ce, wato ni ma a kai ni asibiti, ya kama hannuna. Sai ya tuna. Ya sake ni. "La, la. Takarda. Ka zauna nan, cikin iska. Kada ka barci."

Suka sauka da ita, an rufe mata hanci da robar iska. Ban san ko da rai ko ba rai ba.

Na kwanta rigingine a bayan tankin. Na yi amai. Sannan na shiga numfashi. Shekara nawa ina yi ban taɓa lura ba. Na gode wa Allah a kan ruwa, na gode a kan tuwo, a kan tsira daga kamu. Iska kuwa ban taɓa ba. Ga ta nan ko'ina, daga wannan dutse zuwa wancan, ba mai sayarwa, ba mai tambayar takarda. Tana shiga tana fita, ba da izinina ba. Abin da ya kusa kashe mu ban gan shi ba. Abin da ya raya ni ma ban gan shi ba.

Aka kira la'asar. Masallatan Shisha suka ɗauka, wannan yana bin wancan, duwatsu suna mayarwa. Tattabaru suka tashi daga rufin gidaje, garke guda, suka juya a sama, cikinsu ya yi fari a rana, suka nufi wajen Ka'aba. Na ɗaga kai na dubi bututun. Tamu tana nan a kwance a kan ƙwanta. Ba ta san an yi komai ba. Na yi kuka. Rabona da kuka tun ina yaro.

Sai bayan magariba ɗan ya aiko. Hajja ta buɗe ido. Abin da ta fara tambaya, wai an sauke naman?

Ta yi kwanaki a asibiti. Ranar da ta dawo ɗan ya ce zai hau ya zubar da sheƙar, ya sa wa ɗakin kwaɗo.

"Ummi, halas, ya isa haka. Tsuntsu ya kusa kashe ki."

"Tsuntsu ya cusa tsumma? Ni na cusa. In ka taɓa ta, ka nemi wata uwar."

Ta juyo gare ni. Ta daɗe tana kallon kunnena da ya kumbura.

"An ce da ƙafa ka ja ni."

"Da ƙafa, Hajja."

"Bakanuwa guda, Badamagare ya ja ta a ƙasa kamar buhu. Kada ka faɗa wa kowa."

Na jera mata duwatsu uku a fili, a saman gidan, inda ba rufi. Nan ta riƙa girki da yamma, ni ina riƙe ta a matakala. Muka zauna jiran tattabara. Ƙwan suka fashe. 'Ya'yan munana ne, baki ya fi kai, gashi kamar na tsohuwar tsintsiya. Hajja ta ce da ni suke kama. Muna gani uwa da uba suna ɗura musu abinci baki da baki. Muna gani suka yi fiffike. Wata safiya ɗaya ya tsaya a bakin bututun yana rawar jiki, ya faɗo, kafin ya kai ƙasa iska ta ɗauke shi. Hajja ta ce Allahu akbar, ta riƙe min hannu. Kwana kaɗan na biyun ya bi shi.

Sai da na tabbata ba mai dawowa na kwashe sheƙar. Na zura sarƙa da buhu. Kunkunniya ta cika bokiti. Na ɗaura ragar waya a bakin bututun, na sa sabuwar hula. Ƙofar ƙarfen na cire ta gaba ɗaya, na kafa ta raga, iska tana wucewa, mage ba ta wucewa. Ita magen ba ta yi asara ba. Duk ranar da aka yi nama, Hajja da hannunta take ajiye mata nata. Na kunna takarda a bakin bututun, harshen ya miƙe sama sak.

Hajja ta ƙara shekaru tana hura wutarta. A kan gadonta ta rasu, aka yi mata salla a Harami. 'Ya'yan suka sayar da gidan.

Yanzu ina Aziziyya, a bayan wani gidan abinci, ni ne mai gashin nama. Har yau ba takarda. Tabon yana nan a kunnena. Bututunmu na nan ya fi na Hajja tsawo, gwiwata kuma ta fara ciwo, amma ba na hura wuta sai na hau na leƙa.