Giɓin da Aka Cike da Sifili

Ba zan rantse cewa duk abin da zan faɗa haka ya faru daki-daki ba. An kwana biyu, kuma na lura idan mutum ya daɗe yana jin haushin abu, yakan gyara maganganun da aka yi su dace da haushinsa. Amma zanen na gan shi da idona a jikin bango, a kansa ba na kokwanto.

Bayan na gama bautar ƙasa na sami aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai tallafa wa manoma, ofishinmu a Ƙauran Namoda. Muna da ma'aunin ruwan sama a ƙauyuka, daga Sakajiki zuwa wajen Zurmi, har Katuru da gefen Galadi. Ma'aunin ba wani abu ba ne, mazurari ne a bakin kwalba mai alamun awo. A kowane ƙauye akwai mai dubawa, ya kira ni a waya ko ya ba mai kabu-kabu saƙo ranar kasuwar Shinkafi. Aikina in mayar da lambobin su zama zane, layi mai hawa da sauka, wanda shugabanmu zai nuna wa masu ba mu tallafi.

Manhajar da nake aiki da ita umarni ake rubuta mata, ita ta yi zanen. A makaranta an koya mana a ajiye lambobi a fayil ɗaya, umarni a wani. Na daina haka saboda halin sabis ɗinmu: ka tura biyu, ɗaya ya isa, ɗaya ya maƙale a hanya. Sai na koma zuba lambobin a cikin rubutun umarnin kansa. A sama in ce a zana ruwan ƙauye kaza, a ƙasa in jero su, kowane layi da makonsa da abin da aka auna. Fayil guda, duk wanda ya buɗe ya ga komai. Manhajar kuma tana da wata ɗabi'a da nake so. Idan ka bar layi ba komai a tsakanin lambobi, sai zanen ya yanke a nan, ya ci gaba daga can gaba.

A wani ƙauye na gefen Galadi wani dattijo ne yake duba mana. Tsakiyar damina, ina jin gero ya fara ɗaukar ciki, wayarsa ta daina shiga. Daga baya na same shi a Shinkafi, a zauren wani ɗan'uwansa. 'Yan bindiga sun hana shiga gona, garin ya watse.

Bayan na yi masa jaje na ce, "Baba, ruwa fa?"

"Ruwa kam an yi shi, ɗana. Muna barin gari ana tsuga shi. Amma wa ka komawa daji don kwalba? In kana son abarka, ga hanya nan."

Na dawo ofis na bar makonnin nan ba komai. A gefe na rubuta bayani, irin wanda manhaja ba ta karantawa sai mutum: ba a auna ba, mutane sun bar gari.

A shekarar taimako iri biyu ne. Ƙauyen da fari ya taɓa, a ba shi irin gero mai saurin nuna. Ƙauyen da aka raba da gonakinsa, a ara masa fili kusa da gari. Ɗaya ake samu, ba duka ba. Fili dattijon ya roƙa.

Shugabanmu ya leƙa kwamfutata ya ga layin a yanke.

"Malam mai kwamfuta, mi ya ci wanga layi? Gara?"

"Yallaɓai, ba a auna ba ne. Mutanen sun gudu."

"Na sani. To su baƙin nan masu ba mu tallafi, in sun ji akwai inda ba mu iya zuwa, kana jin za su tsaya tambaya? Shinkafi duka za su janye."

"Ranka ya daɗe, ba zan iya rubuta abin da ba wanda ya auna ba."

"To, Liman, an ji huɗuba. Sa mini a filashi."

Na kwafa masa fayil ɗin a filashin. Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan.

Ranar taro da masu tallafin aka kunna majigi. Da aka zo kan ƙauyen, layin bai yanke ba. Ya gangaro ƙasa ne, ya kwanta, ya yi ta tafiya a kwance, sannan ya tashi. Shugaba ya nuna shi da biro ya ce, "Kun ga irin farin da aka yi." Baƙin suka gyaɗa kai. Na ɗaga hannu, ya ce injiniyanmu zai yi ƙarin bayani idan lokaci ya bari. Lokaci bai bari ba. Da aka tashi shan shayi na tari ɗaya daga cikinsu na fara magana, ya ce in rubuto ta hannun shugaba.

Da na buɗe fayil ɗin da aka nuna, giɓin babu shi. An jera sifili a kowane mako, an goge bayanina.

Har yau wannan ne yake ci mini rai. Sifili awo ne. Ma'anarsa wani ya je, ya ɗaga kwalba, ya ga ta bushe. Da sifilin nan an ce dattijon yana garinsa lafiya lau, yana fita kowace safiya, ruwa ne kawai ya ƙi zuwa. Mutumin da ya baro hatsinsa tsaye a gona da jikoki a hannu, an mayar da shi gida a kan allo ba tare da an tambaye shi ba, don zane ya yi kyau.

Na shiga wurin shugaba, na tambaye shi wa ya zuba sifilin nan.

Ya ce, "Kai kas sa lambobin a fili. Ko ɗan firamare ya buɗe ya iya gyarawa."

"Don a gani na sa su, Yallaɓai, ba don a taɓa ba."

"Da an rufe aikin, da kai da dattijon naka, wa ya ci riba?"

Wataƙila yana da gaskiya cewa da sun janye. Ban sani ba, shi ma bai sani ba. Abin da na sani, ƙauyen ya faɗa cikin masu fari, filin aro ya tafi wani wuri. Aka kai musu iri har Shinkafi.

Dattijon ya kira ni. "Ɗana, iri ya iso, mun gode. Ina za mu shuka shi, bisa rufin zaure?"

Na bar aikin daga baya, na kuma rubuta wa masu tallafin kai tsaye. Suka amsa cikin ladabi cewa fayil biyu ne a gabansu, nawa mai giɓi da nasa mai sifili, dukansu rubutu ne da kowa zai iya bugawa. Sun ce idan akwai shaida za a sake duba batun filin. Maganar dattijon kaɗai ba ta ishe su ba, tunda shi ne mai nema.

Saboda haka nake roƙo. Duk wanda ya yi waccan daminar a wajen Galadi ko Katuru, manomi ne ko mai kabu-kabu da ya bi hanyar cikin taɓo, ya aiko mini da abin da ya gani game da ruwan. Wanda ya zauna a taron kuma, in na ƙara ko na rage, ya gyara mini, ko da shugaban ne da kansa. Mutanen suna Shinkafi har yanzu, ba su da inda za su sa garma.