Ranar da Muntaka Ya Leƙa Rumbu

Idan ka shiga sashen Muntaka a ƙauyenmu na gefen Bagwai, za ka rantse babu mai iko sama da shi. Matarsa Fadima ta kawo masa ruwan alwala, 'ya'ya su durƙusa su gaishe shi, jikokinsa na wajen 'ya'ya mata su yi ta hawa kafaɗarsa. Amma da zarar ya fito zaure da safe, ya koma ƙane. Yayansa Tasi'u zai ce, "Yau gonar gabas za a noma," shi kuwa da furfurarsa ya saɓi fartanya ya bi sahun yara. Ni maƙwabcinsu ne, tare muka tashi, kuma abin ya fi ba ni haushi fiye da shi.

Gidansu na cikin 'yan tsirarun da suka rage suna gandu. Da mahaifinsu ya rasu ba a raba gona ba, aka bar ta a dunƙule a hannun babban wa. Kowa ya yi aikin gandu daga safe zuwa azahar, da la'asar ya wuce gayaunarsa, 'yar gonar da aka yankar masa ta kansa. Hatsin gandu babban rumbu yake shiga, kuma maigida kaɗai ke hawa tsani ya ciro wa mata damin da za su sussuka. Muntaka ya haura hamsin bai taɓa leƙa cikin rumbun nan ba.

Nakan tsokane shi in ce, "Kai wai maigida ne ko ɗan gida?"

Sai ya ce, "Ya danganta da ƙofar da na tsaya."

Ba mai ƙorafi ba ne. Gajiya ce kawai ta zauna masa a gadon baya, har ya zama sai ya dafa ƙasa kafin ya miƙe daga sallah. Abin da ke sanyaya masa zuciya shi ne babban ɗansa Naziru, wanda ya yi aure bara, matashin da ke yin noman mutum biyu. A kansa Muntaka ya ɗora duk fatansa na hutawa.

Da damina ta faɗi, Naziru ya tsare shi a gayauna. Ya ce, "Baba, ko dai a raba a ba ka naka mu noma abinmu, ko in tafi birni in ja A-daidaita. Wallahi ba zan tsufa ina jiran a gaya mini gonar da zan je ba."

Muntaka ya san abin da rabo ke nufi. In aka fitar da kason kowa, har da na mata, abin da zai samu siririn yanki ne wanda shanun huɗa ba za su iya juyawa a ciki ba. Amma rasa Naziru ya fi masa ciwo. Ya yi kwanaki yana juya maganar, sannan ya roƙe ni in raka shi wurin yayansa don in zama shaida. Na amsa da rawar jiki, don na daɗe ina jiran wannan rana.

Muka tarar da Tasi'u a inuwar rumbu yana tufkar igiya. Muntaka ya durƙusa ya ce, "Yaya, da magana mai nauyi na zo."

Tasi'u ya ce, "Na sani, rabo kake so. Haƙƙinka ne, ba zan hana ka ba. Amma yau gwiwata ta ƙi, ga mata na jiran hatsi. Hau ka ciro musu tukuna."

Muntaka ya dube ni, sannan ya hau tsani ya shige. Ya daɗe a ciki. Da ya fito da dami ɗaya a hannu, sai ya zauna a ƙasa. Daga baya ya gaya mini cewa ƙafarsa daɓen rumbun ta taka, alhali gero a gona bai kai gwiwa ba.

Tasi'u bai ɗago kai daga igiyarsa ba. Ya ce, "Ba bana aka fara ba. Ƙasa ta gaji, taki ya fi ƙarfinmu, bakuna sun ƙaru. Hatsin gayaunata nake juyewa a ciki don kar a gane. Kai da Naziru ku ne ƙarfin gidan nan. In kun fita za ku ci da kanku, na sani. Amma marayun da ƙanenmu Sama'ilu ya bari ba za su kai kaka ba."

Na ji haushin tsohon, don na san da gangan ya tura shi sama. Na kuma ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona.

Muntaka ya koma ya ce wa ɗansa, "Ba za a raba ba." Naziru ya tambayi dalili har da hawaye, uban ya ƙi faɗa. Ranar kasuwa yaron ya ɗauki jakarsa ya hau mota, ya bar amaryarsa Aina'u a gidan. Hannun noma ya ragu, bakin ci yana nan.

Na kasa haƙuri, na sami Muntaka a gayauna da yamma yana noma shi kaɗai. Na ce, "Haba Muntaka! Wane irin rufin asiri ne wannan? Da ka gaya wa yaron nan abin da ka gani, ai da bai tafi ba."

Ya dafa ƙugu ya miƙe a hankali, ya share gumi da hularsa.

Ya ce, "Shi ya sa ban gaya masa ba. Da ya sani, zama zai yi. Ni kuwa na san abin da zaman yake."